Hasashen Oscar: Ta yaya ake sanin 'yan takara tun kafin a jefa ƙuri'a?

A duk shekara, da zarar watan Satumba ya kama, mujallun da ke bibiyar masana'antar fina-finai ta Amurka, irin su Variety da The Hollywood Reporter, sukan fara fitar da jerin fina-finai da jaruman da suke ganin za su shiga takarar lambobin yabo na Oscar, alhali ba a sanar da sunayen 'yan takara sai a watan Janairu, bikin kansa kuma sai ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, wani fim ɗin da ake ɗorawa a saman jeri ko fitowa bai yi ba, amma idan ranar ta zo sai a tarar mafi yawan abin da aka faɗa ya tabbata. Wannan ya sa wasu ke cewa an riga an raba kyaututtukan a bayan fage, wasu kuma suna ɗaukar masu hasashen a matsayin gwanayen da suka fi kowa sanin fim mai kyau. To, a kan me suke dogara, kuma me ya sa duk da ƙwarewarsu ake shammatarsu kusan kowace shekara?

Oscar zaɓe ne, kuma aikin mai hasashe ya fi kama da na mai sharhin siyasa fiye da na mai sharhin fim. Abin da yake ƙoƙarin ganowa shi ne sunan da wasu mutane kimanin dubu goma za su saka a takardar ƙuri'arsu. Ra'ayinsa a kan wane fim ya fi kyau ba ya cikin lissafin, ko kuma a ce bai kamata ya shiga ba.

Me ake nufi da kakar kyaututtuka?

Kakar kyaututtuka ita ce watannin nan shida ko bakwai, daga ƙarshen Agusta zuwa Maris, da ƙungiyoyi daban-daban a Amurka da Birtaniya ke karrama fina-finan shekara ɗaya bayan ɗaya, har a rufe da bikin Oscar a birnin Los Angeles. Ƙungiyar da ke ba da Oscar, wadda ake kira Academy a taƙaice, an kafa ta ne a 1927, ta kuma yi bikinta na farko a watan Mayun 1929. Kafin fim ya cancanci shiga, dole ne a haska shi a sinima na tsawon kwana bakwai a jere a ɗaya daga cikin wasu manyan biranen Amurka shida, tsakanin 1 ga Janairu da 31 ga Disamba. Fina-finan da ke cika wannan sharaɗi sukan haura 300 a shekara, gurbin da ake da shi a rukunin gwarzon fim kuwa goma ne kacal, sauran rukunan kuma biyar-biyar.

Akwai matakai uku da mutane ke yawan cakuɗawa. Fim ɗin da ake yi wa kallon mai iya shiga takara bai samu komai ba tukuna, magana ce kawai ta masu lura da al'amura. Taƙaitaccen jerin da Academy ke fitarwa a watan Disamba a wasu rukunai, kamar fina-finai 15 a rukunin ƙasashen waje, mataki ne na tantancewa. Shiga takara ta ainihi ita ce ta Janairu, wadda za a iya kamanta ta da zaɓen fid da gwani, daga nan ne kuma ake zuwa babban zaɓe.

Su wane ne ke jefa ƙuri'ar?

Ba a neman zama ɗan Academy, gayyata ake yi, kuma waɗanda ake gayyata ma'aikatan fim ne: jarumai, daraktoci, marubuta, furodusoshi, masu ɗaukar hoto, masu tace hoto, masu tsara sutura da sauransu, kowa a reshensa. A zagayen farko kowane reshe 'yan sana'arsa yake zaɓa, wato jarumai su fid da jarumai, daraktoci su fid da daraktoci, in ban da rukunin gwarzon fim da kowa ke da ƙuri'a a cikinsa. A zagaye na biyu kuwa, duk membobi suna iya zaɓe a kowane rukuni.

Wannan rabe-rabe shi ne ke bayyana abubuwa da dama da mai kallo ke ɗauka rashin adalci ne. A 2013 reshen daraktoci, wanda 'yan ɗaruruwa ne kawai, bai saka Ben Affleck a cikin mutum biyar ɗinsa ba, amma da aka koma ga dukan membobi sai fim ɗinsa, Argo, ya lashe kyautar gwarzon fim. Haka a 2024 Barbie ya shiga takarar gwarzon fim, daraktarsa Greta Gerwig ba ta shiga ta daraktoci ba. Babu wani cin karo a nan, domin waɗanda suka yi zaɓen farko ba su ne suka yi na biyu ba. Mai hasashen da ya san aikinsa yakan nazarci kowane reshe da halinsa. An san reshen daraktoci, alal misali, da yawan ware gurbi ɗaya ga wani daga wajen Amurka, kamar yadda ya yi wa Thomas Vinterberg na Denmark a 2021 da Ryusuke Hamaguchi na Japan a 2022.

Yadda ake ƙidaya ƙuri'a, wanda shi ne ƙashin bayan lissafin

Nan ne mafi yawan masu bibiyar bikin ke yin kuskure, domin suna zaton duk wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ke wucewa a kowane mataki. A zagayen fid da 'yan takara, mai zaɓe yana jera sunayen da yake so ne daga na ɗaya zuwa ƙasa. Masu ƙidaya, waɗanda ma'aikatan kamfanin binciken kuɗi na PricewaterhouseCoopers ne, sukan fara da sunan da ke matsayi na ɗaya a kowace takarda. Idan gurbi biyar ake cikewa, duk wanda ya samu abin da ya ɗara kashi ɗaya bisa shida na takardun ya shiga. Sai a cire wanda ya zo na ƙarshe, a mayar da takardunsa ga zaɓi na biyu da ke cikinsu, a ci gaba da haka har gurabe su cika.

Reshen jarumai, wanda ya fi kowane reshe girma, yana da membobi kimanin 1,300. Ko da a ce dukansu sun yi zaɓe, wanda ba ya faruwa, mutum 220 da suka saka sunan jaruma a matsayi na ɗaya sun isa su shigar da ita takara. Jarumar da mutum dubu suka yaba da aikinta amma duk suka ajiye ta a matsayi na huɗu ko na biyar tana iya tashi a tutar babu. Ke nan a wannan zagaye, ƙaunar mutane kaɗan mai zafi ta fi amincewar mutane da yawa mai sanyi amfani, kuma wannan ne ya sa hasashen 'yan takara ya fi hasashen wanda zai yi nasara wuya. Ana iya jin ra'ayin da ya game gari, amma gano wasu mutum ɗari biyu da suka ƙwallafa rai a kan wani ƙaramin fim sai an yi da gaske.

A babban zaɓe kuma lamarin ya rabu biyu. A duk rukunai, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da kashi 25 cikin ɗari ya samu. Rukunin gwarzon fim ne kaɗai ya fita daban: tun daga bikin 2010, lokacin da aka faɗaɗa 'yan takararsa daga biyar zuwa goma, ana jera fina-finan ne bisa fifiko, kuma sai fim ya haura rabin ƙuri'u kafin ya ci.

A ɗauka masu zaɓe ɗari ne, fina-finai uku. Na farko ya samu matsayi na ɗaya a takardu 40, na biyu 35, na uku 25. Babu wanda ya haura rabi, don haka sai a cire na uku a duba abin da magoya bayansa suka saka a matsayi na biyu. Idan 18 daga cikinsu sun zaɓi fim na biyu, 7 suka zaɓi na farko, to na biyu ya tashi da 53, na farko da 47. Fim ɗin da ya fara a gaba ya sha kaye saboda waɗanda ba su sa shi a kan gaba ba sun jefa shi can ƙasa. Saboda haka tambayar da masu hasashe ke yi a wannan mataki ta sauya: wane fim ne ba shi da maƙiya da yawa? Fim ɗin da ya raba kan jama'a, wasu na yabonsa matuƙa wasu na ƙinsa matuƙa, yana iya tara gurabe masu yawa a Janairu ya kuma kasa kai bantensa a Maris.

Academy ba ta taɓa bayyana yawan ƙuri'un da kowa ya samu, don haka babu mai iya tabbatar da ko an ci da ratar ƙuri'a uku ne ko dubu uku. Duk bayanin da ake yi bayan biki a kan dalilin faɗuwar wani, shi ma hasashe ne.

Inda magana ke farowa

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Larabar Oscar ita ce bukukuwan baje kolin fina-finai. A ƙarshen Agusta da cikin Satumba ake yin na Venice a Italiya, da na Telluride a jihar Colorado, da na Toronto a Kanada, kusan a jere, kuma a nan ne kamfanoni ke fara nuna fina-finan da suka tanada domin wannan kaka. Na Toronto ya fi jan hankalin masu hasashe saboda babbar kyautarsa 'yan kallo ne ke zaɓenta, ba alƙalai ba, kuma fina-finan da suka ci ta irin su Slumdog Millionaire a 2008, 12 Years a Slave a 2013, Green Book a 2018 da Nomadland a 2020 duk sun je sun zama gwarzon fim a Oscar.

Bikin Cannes na Faransa, da ake yi a watan Mayu, an daɗe ana ganin ɗanɗanonsa ya yi nisa da na Hollywood. Tun daga Marty, wanda ya ci babbar kyautar Cannes a 1955, babu fim ɗin da ya sake haɗa ta da ta gwarzon fim a Oscar sai Parasite na Koriya ta Kudu a 2020, sannan Anora a 2025. Sau biyu cikin shekara biyar bayan jiran shekara sittin da ɗoriya ba abin da za a yi biris da shi ba ne, za a kuma ga dalilinsa a gaba.

Fim ɗin da bai fito ba kuwa, ana saka shi a jeri ne bisa tarihin daraktansa, da kamfanin da ya ɗauki nauyinsa, da ranar da aka tsayar domin fitarsa, da kuma irin labarinsa, domin an san masu zaɓen da son tarihin rayuwar mashahuran mutane da labaran yaƙi. Irin wannan hasashe shi ne mafi rauni, kuma kowace shekara akan samu babban fim da aka yi ta zuzutawa, da aka gan shi sai magana ta mutu.

Ba kowace kyauta ce ishara ba

Daga Disamba kyaututtuka ke fara zubowa, kuma a nan ne ake gane ƙwararren mai hasashe, domin ma'aunin da yake amfani da shi ɗaya ne: masu zaɓen wannan kyauta, nawa ne daga cikinsu ke zaɓe a Oscar?

Ƙungiyoyin masu sharhin fina-finai na New York da Los Angeles su ne ke buɗe fage, amma 'yan jarida ne, ba 'yan Academy ba. Amfaninsu shi ne su jawo hankali ga fim ɗin da aka manta da shi. A ƙarshen 2010 kusan dukansu The Social Network suka zaɓa, har aka ɗauka magana ta ƙare, sai ƙungiyoyin ma'aikatan fim suka juya ga The King's Speech, kuma shi ya ci Oscar a 2011.

Golden Globe, wadda ake yi a farkon Janairu, ta fi kowace suna bayan Oscar, amma nauyinta a lissafi bai kai sunanta ba. Shekara da shekaru wata ƙungiyar 'yan jaridun ƙasashen waje da membobinta ba su kai 90 ba ce ke zaɓenta. A 2021 jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo cewa babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu, tashar NBC ta ƙi nuna bikin 2022, aka kuma rushe ƙungiyar a 2023 aka kafa sabon tsari mai masu zaɓe kimanin 300. Har yanzu 'yan jarida ne. Tasirinta ya ta'allaƙa ne ga lokacin da ake yin ta, domin jarumin da ya yi jawabi mai ratsa zuciya a talabijin ana dab da fara jefa ƙuri'a ya samu tallan da kuɗi ba ya saye.

Ishara mafi ƙarfi tana zuwa ne daga ƙungiyoyin sana'a, wato ta furodusoshi, ta daraktoci, ta jarumai da ta marubuta, sai kuma BAFTA, ƙungiyar ma'aikatan fim da talabijin ta Birtaniya, domin a cikinsu akwai mutanen da su ne dai za su yi zaɓen Oscar. Ƙungiyar furodusoshi tana amfani da irin ƙidayar fifikon da aka bayyana a sama, kuma tsakanin 2010 da 2025 sau uku kacal zaɓinta ya saɓa da gwarzon fim na Oscar. Wanda ƙungiyar daraktoci ta karrama kuwa, tun daga ƙarshen shekarun 1940 bai kai sau goma ba da ya rasa Oscar ta darakta. Sai dai waɗannan bukukuwa yawanci suna zuwa ne bayan an sanar da 'yan takara, don haka sun fi taimakawa wajen gano wanda zai ci fiye da wanda zai shiga.

Kamfe da kuɗi

Babu ɗan Academy da ke iya kallon fim 300, kuma a nan ne kamfe ke shigowa. Kamfanoni na kashe miliyoyin daloli wajen sayen shafukan talla a mujallun masana'antar, da allunan kan titi a Los Angeles, da shirya kallo na musamman inda jarumai ke zama su amsa tambayoyi, da ɗaukar ƙwararrun da sana'arsu ke nan. Burin farko shi ne a sa mai zaɓe ya kalli fim ɗin tukuna. Ana danganta tsananin wannan salo da furodusa Harvey Weinstein, wanda a 1999 kamfen ɗin kamfaninsa na Miramax ya kai Shakespeare in Love ga doke Saving Private Ryan, nasarar da har yau ake jayayya a kanta.

Mai hasashe yakan duba fim nawa kamfani ke da su a shekarar da kuma wanda ya fi zuba wa kuɗi, domin kamfanin da ke da 'ya'ya uku a fage dole ya fifita ɗaya. Yakan kuma duba rukunin da aka tura jarumi, saboda an saba tura wanda shi ne ke ɗauke da fim zuwa rukunin mataimakin jarumi inda gasa ta fi sauƙi. Masu zaɓe ba dole ne su bi ba: an yi wa Kate Winslet kamfe a matsayin mataimakiya a The Reader, suka saka ta a rukunin babbar jaruma, ta kuma ci a 2009.

Akwai kuma labarin da ake ginawa a kan mutum, wanda sau da yawa ya fi rawar da ya taka tasiri. Cewa lokacinsa ya yi, ya daɗe yana jira, ta taimaki Martin Scorsese a 2007 da Leonardo DiCaprio a 2016. Amma ba kullum take ci ba: Glenn Close ta shiga takara sau takwas ba ta ci ba, har da 2019 da kusan kowa ya ba ta, Olivia Colman ta ɗauke.

Misalin da ya fi nuna haɗuwar kamfe da tsarin ƙidaya shi ne na Andrea Riseborough a Janairun 2023. Fim ɗinta, To Leslie, bai tara ko dala 30,000 a sinima ba, manyan kyaututtukan share fage kuma ba su ambace ta ba. Ana dab da zaɓe sai fitattun jarumai irin su Edward Norton da Kate Winslet suka shiga yaba mata a fili da shirya wa abokan aikinsu kallo, sai ga sunanta a cikin biyar, yayin da Viola Davis da Danielle Deadwyler, waɗanda aka yi ta hasashensu, suka rasa gurbi. Academy ta yi bincike, ta bar mata takararta, sannan ta tsaurara dokokin kamfe. Wanda ya riƙe lissafin nan na mutum 220 a ka ba zai ga abin a matsayin mu'ujiza ba.

Me ya sa tsofaffin ma'aunai suka fara ƙarya?

Masu hasashe suna da wasu ƙa'idoji da suka tsamo daga tarihi. Ɗaya ita ce fim ba ya zama gwarzo idan bai shiga takarar tace hoto ba, wadda ta tsaya daram sama da shekara talatin har Birdman ya karya ta a 2015. Wata ita ce sai daraktansa ya shiga takara, ko da yake Argo ya taɓa karya ta. A 2022 CODA, wanda kamfanin Apple ya saya a kan dala miliyan 25 a bikin baje kolin fina-finai na Sundance, ya karya duka biyun a dare ɗaya da gurabe uku kacal, ya kuma zama fim na farko na kamfanin da ke haskawa ta intanet da ya ci wannan kyauta.

Babban dalilin shi ne masu zaɓen da aka gina ƙa'idojin a kansu ba su ne ke zaɓe yanzu ba. Wani bincike na Los Angeles Times a 2012 ya nuna kashi 94 cikin ɗari na membobin Academy fararen fata ne, kashi 77 maza. Bayan da aka yi shekara biyu a jere, 2015 da 2016, duk jarumai ashirin da suka shiga takara fararen fata ne, suka ta yi yawa, Academy ta buɗe ƙofa: ta gayyaci mutum 683 a 2016, 774 a 2017, 928 a 2018, da yawansu mata ne da kuma 'yan ƙasashen waje. Ɗan fim da ke zaune a Seoul ko Paris ko Mexico ba ya ganin allunan Los Angeles, ba ya zuwa liyafar kamfe, ba ya kuma cikin ƙungiyoyin sana'a na Amurka, don haka ra'ayinsa ba ya bayyana a kyaututtukan share fage. Wannan ne ya ƙara wa Cannes daraja a lissafi. A 2020 fim ɗin 1917 ya ci kyautar furodusoshi, ta daraktoci da BAFTA, amma Parasite ya doke shi ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya zama gwarzo.

Sai kuma abin da babu lissafin da ke hango shi. Emilia Pérez ya samu gurabe 13 a Janairun 2025, cikin 'yan kwanaki aka tono tsofaffin rubuce-rubucen ɓatanci da jarumar fim ɗin ta yi a shafin sada zumunta, kamfen ya wargaje, ya ƙare da kyauta biyu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma su kansu masu shirya bikin sun taɓa faɗawa wannan tarko: a 2021 sun mayar da kyautar gwarzon jarumi ƙarshen shiri, abin da aka fassara da cewa suna sa ran marigayi Chadwick Boseman ne zai ci, sai aka kira Anthony Hopkins wanda ko zauren bai zo ba.

Hasashe na hango sakamako ne ko ƙirƙirarsa yake yi?

A nan ra'ayi ya rabu. Masu kare sana'ar suna cewa su madubi ne kawai, suna tattara abin da suka ji daga masu zaɓe da abin da tarihi ya nuna, kuma shafukan intanet na hasashe irin su Gold Derby suna ajiye alƙaluman wanda ya dace da wanda ya kuskure, kowa na iya dubawa. Suna ƙarawa da cewa maganar da suke tayarwa tun Satumba ita ce ke raya ƙananan fina-finan da ba su da kuɗin talla.

Masu suka kuwa suna cewa madubin yana sauya fuskar mai dubawa. Ɗan Academy da ke da lokacin kallon fim talatin zai fara ne da waɗanda ake cewa suna kan gaba, fim ɗin da ba a saka a jeri ba tun Oktoba ba zai kalle shi ba, wanda bai kalla ba kuma ba zai zaɓa ba, sai hasashen ya tabbatar da kansa. Suna kuma nuni da cewa mujallun da ke yin hasashen su ne ke karɓar kuɗin tallan kamfe daga kamfanonin. A ganina hujjar masu suka ta fi ƙarfi a zagayen fid da 'yan takara, inda matsalar ita ce wane fim aka kalla, ta kuma yi rauni a babban zaɓe, inda fina-finan kaɗan ne kuma ƙuri'a a asirce take. A 2025 Academy ta kafa dokar cewa sai mutum ya kalli duk 'yan takarar rukuni kafin ya yi zaɓen ƙarshe a cikinsa, amma dokar ba ta taɓa zagayen farko ba, inda a nan ne ake zubar da fina-finai ɗaruruwa.

Abin da ya shafi mai kallo da ƙananan masana'antu

Ga mai kallo, wannan kaka ce ke tsara lokacin da fina-finai ke fitowa. Saboda kamfanoni na son fim ɗinsu ya kasance sabo a zukatan masu zaɓe, sukan tara masu nauyin a watanni uku na ƙarshen shekara, ko da yake Everything Everywhere All at Once da ya fito a Maris 2022 da Oppenheimer da ya fito a Yulin 2023, kowannensu da kyauta bakwai, sun nuna ba dole ba ne. Shiga takara kuma kan sa a mayar da ƙaramin fim sinima, ko kamfanonin intanet su saye shi su kai shi ƙasashen da ba zai taɓa isa ba.

Rukunin fina-finan ƙasashen waje yana da tasa ƙa'idar da ke rikita hasashe, domin kowace ƙasa fim ɗaya take turawa, kwamitin cikin gida ne ke zaɓensa, kuma dole mafi yawan maganganun cikinsa su kasance ba da Turanci ba. Wannan sharaɗi ne ya sa aka cire Lionheart na Najeriya a 2019. Kwamitin ƙasa kuma yana iya zaɓen abin da bai dace da ɗanɗanon Academy ba. Indiya ba ta tura RRR ba a 2022, amma masu fim ɗin suka yi kamfe da kansu a Amurka har waƙarsa ta ci Oscar a 2023. Faransa ma ta tsallake Anatomy of a Fall, wanda ya ci babbar kyautar Cannes a 2023, ta tura wani fim ɗin da bai shiga biyar ɗin ƙarshe ba, shi kuwa wanda aka tsallake ya samu gurabe biyar a wasu rukunai, har da na gwarzon fim, ya kuma tafi da kyautar rubutun labari. Shi ya sa a wannan rukuni mai hasashe kan fara da tambayar ko fim ɗin yana da kamfanin da zai rarraba shi a Amurka ya kuma biya kuɗin nuna shi ga masu zaɓe, domin ƙasashen da ke turo fim sukan kai tamanin zuwa casa'in a shekara, gurbin kuwa biyar ne.